Yadda Tsarin Rabon Kuɗi Ke Fifita Wasu Makarantun Gwamnati Kan Wasu

ABUJA: A watan Agusta na 2024, Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Ƙasa, wato UBEC, ta bayyana cewa an ɗaga tallafin da Gwamnatin Tarayya ke bai wa kowace jiha domin gine-gine da kayan aikin makarantun firamare da ƙananan sakandare, daga kimanin naira biliyan 1.3 zuwa biliyan 3.5 a shekara. Kafin ƙarshen wannan shekara, hukumar ta shaida wa 'yan majalisa cewa fiye da naira biliyan 135 na shekarun 2020 zuwa 2023 suna nan jibge, jihohi ba su zo sun karɓa ba. A cikin shekarar ce kuma gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, inda gwamnan jihar ya ce yara kimanin miliyan 4.7 ne ke ɗaukar darasi a zaune a ƙasa saboda rashin kujeru.

Duk ɗan kasuwar da ya ɗora waɗannan labarai uku a kan tebur ɗaya zai ga cewa lissafin bai daidaita ba. Ga kuɗi an ƙara, ga kuɗi an ƙi ɗauka, ga kuma yara a kan turɓaya. Amma ba dukkan yara ba. A cikin gari guda ana iya samun makarantar gwamnati mai bene, da katanga, da rijiyar burtsatse, da ɗakin gwaje-gwaje, sa'an nan a bayan kasuwa a tarar da wata, ita ma ta gwamnati, wadda iska ta yaye kwanon rufinta tun daminar bara, ana karatu a gindin darbejiya. Manhaja ɗaya ake koyarwa a makarantun biyu, jarrabawa ɗaya kuma yaransu za su zauna.

Talauci yana da nasa kaso a cikin wannan bambanci, ba shakka. To amma babban kaso ya samo asali ne daga ƙa'idojin da ake bi wajen raba kuɗin jama'a, da wajen zaɓen inda za a kafa gini, da kuma wajen tantance wanda zai gyara shi idan ya lalace.

Tsohon bashi

Ƙasar ba ta fara tseren daga wuri ɗaya ba. Gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta soma ilmin firamare kyauta a 1955, Jihar Gabas ta biyo baya a 1957, yayin da Arewa ta ci gaba da tafiya sannu a hankali da makarantun En'e. Lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE a 1976, an yi tanadi ne domin yara kimanin miliyan 2.3 masu shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. An gina azuzuwa cikin gaggawa da kuɗin man fetur, yawancinsu ba su da inganci, kuma da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai aka rasa abin da za a gyara su da shi. A ƙauyuka da dama, waɗannan azuzuwa na zamanin UPE su ne har yanzu ƙashin bayan makarantar gari.

Legas ta bi wata hanya ta dabam a Jamhuriya ta Biyu. Gwamna Lateef Jakande, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya tarar ana karatun karɓa-karɓa, wasu yara da safe wasu da rana, saboda ƙarancin azuzuwa. Sai ya cika unguwanni da gine-gine masu araha, marasa ado, waɗanda abokan hamayya suka riƙa yi wa ba'a. Duk da haka ya kawo ƙarshen karɓa-karɓar, ya kuma kai makaranta kusa da gidan talaka. Zaɓin da ya yi, wato azuzuwa masu yawa marasa kyan gani a maimakon 'yan kaɗan masu ƙawa, shi ne zaɓin da kowane gwamna ke fuskanta har gobe, kuma mafi yawansu ɗaya ɓangaren suke ɗauka.

Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya bar wani darasi. Gwamnatin Tarayya ta sayo injuna da kayan koyon sana'a daga ƙasashen Gabashin Turai domin ƙananan sakandare. Makarantun da ke da ɗakin aiki da wutar lantarki sun amfana. A sauran, akwatunan sun yi shekaru a rufe har tsatsa ta cinye abin da ke ciki, ko kuma ɓarayi suka riga ta. An raba kayan ga kowa, amma mai wurin ajiyewa da wutar kunnawa ne kaɗai ya ci moriya.

Daga nan sai nauyin firamare ya zama kamar ƙwallo. Dokar soja ta 1988 ta kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa, aka rushe ta a 1991 aka miƙa makarantun ga ƙananan hukumomi, aka sake dawo da ita a 1993. A wannan shekara ta 1993 ce aka kafa harajin ilmi na kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda da farko rabinsa ke zuwa ga firamare da sakandare. Asusun rarar man fetur na PTF, wanda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta a zamanin Janar Sani Abacha, ya gyara makarantu ya raba kayan karatu kafin a rufe shi a 1999. A 2011 kuma aka sauya dokar harajin ilmi, aka mayar da kuɗin kacokan ga jami'o'i da sauran manyan makarantu a ƙarƙashin TETFund. Kamfanonin da suka riƙa biyan wannan haraji ya kamata su san cewa tun daga wannan shekara, ba shi ne ya riƙa gina ajin firamare ba.

Rabon daidai ga waɗanda ba daidai suke ba

Shirin UBE, wanda Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a watan Satumba na 1999, ya sami doka a 2004. Dokar ta ware abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya ba domin tallafa wa ilmin shekaru tara na farko. Bisa tsarin da aka amince da shi a 2008, rabin wannan kuɗi shi ne tallafin gine-gine da ake bai wa jihohi, sauran kuma an karkasa shi ga littattafai, da horar da malamai, da yara masu buƙata ta musamman, da wani kaso na kashi 14 cikin 100 domin rage giɓin da ke tsakanin yankuna.

Tallafin gine-ginen yana da sharuɗɗa biyu da suka fi komai tasiri. Na farko shi ne ana raba shi daidai-wa-daida tsakanin jihohi 36 da Abuja. Abin da aka ware wa Bayelsa a 2024 shi aka ware wa Kano. Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, ta ba Bayelsa miliyan 1.7. Idan aka raba naira biliyan 3.5 a kan waɗannan adadi, kowane mutumin Kano zai tashi da abin da bai kai naira 400 ba, na Bayelsa kuwa ya haura naira 2,000, wato fiye da ninki biyar. Haka abin yake idan aka gwada Legas da Ekiti, ko Oyo da Nasarawa, don haka ba batun Kudu da Arewa ba ne kawai, batu ne na jiha mai yara da yawa da jiha mai yara kaɗan.

A nan ya kamata a yi wa Bayelsa adalci. Gina aji a cikin fadama, inda sai an kai siminti da rodi a jirgin ruwa, an kuma kafa ginshiƙai kafin a ɗora bulo, ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan gina shi a tudun Ɗambatta. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun shafe makarantu a jihar, waɗanda suka tsira kuma aka mayar da su sansanin 'yan gudun hijira. Amma wannan hujja ce ta a riƙa duba tsadar gini da yawan yara a kowace jiha. Rabon daidai bai duba ko ɗaya daga cikin biyun ba. An zaɓe shi ne domin shi ya fi sauƙin karɓuwa a siyasance, ba gwamnan da zai ce an rage masa.

Sharaɗi na biyu shi ne jiha ba za ta taɓa kuɗin ba sai ta zuba nata daidai da shi. Manufar tana da kyau a takarda: kada jihohi su naɗe hannu su bar wa tarayya. Sai dai jihohin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna Legas ta tara fiye da naira biliyan 800 na kuɗin shiga na cikin gida, yayin da Taraba da Yobe da Kebbi kowaccensu ta tsaya a wajejen biliyan 11. Ga Legas, naira biliyan 3.5 ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na abin da take tarawa ba. Ga Yobe kuwa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na harajin shekara guda, dole sai ta jira rabon wata-wata daga Abuja, wanda albashi ke jiransa a bakin ƙofa.

Duk da haka, jerin jihohin da ke barin kuɗinsu bai bi layin arziki da talauci ba. An sha ganin jihohin Arewa masu ƙaramin ƙarfi sun biya nasu kason a kan lokaci, yayin da wasu jihohin Kudu masu hali suka yi shekaru ba su waiwayi asusun ba. Dalilin a fili yake ga wanda ya san yadda ake tafiyar da gwamnati. Kuɗin UBEC yana zuwa da takardu: sai an gabatar da tsarin aiki, an tallata kwangila, an bari jami'an hukumar sun zo sun duba. Gwamnan da ke son kashe kuɗi ba tare da ido a kansa ba ya gwammace ya bar na tarayya ya yi aikinsa da nasa. Lamarin ya taɓa yin tsanani har Gwamnatin Tarayya ta cire fiye da naira biliyan 70 daga kuɗin rarar bashin Paris Club da take mayar wa jihohi, ta biya musu kason nasu da ƙarfin tsiya. Bayan 'yan shekaru bashin ya sake taruwa.

Ko da kowace jiha ta karɓi nata, kuɗin bai kai ko kusa da buƙata ba. A 2023 UBEC ta ce ƙasar na buƙatar ƙarin makarantu 20,000 da azuzuwa fiye da 900,000 idan ana son ɗaukar yaran da ba sa zuwa makaranta. Tallafin 2024 na jihohi 36 da Abuja, haɗe da kason da za su zuba, ya kama kimanin naira biliyan 260. Idan aka raba shi a kan azuzuwa 900,000, kowane aji zai sami abin da bai kai naira 300,000 ba, wato kuɗin buhun siminti kimanin 29 a farashin naira 10,000 da aka gani a farkon 2024. Ba a yi maganar yashi, ko katako, ko kwano, ko ladan magini ba.

Wa ke samun ginin?

Bambancin da ke tsakanin jihohi shi ne wanda alƙaluma ke nunawa. Wanda ke cikin jiha guda ya fi shi zafi, kuma ba a cika rubuta shi ba. Hukumar SUBEB ta kowace jiha ita ke tsara jerin makarantun da za a yi wa aiki. A ƙa'ida, ƙidayar makarantu ta shekara-shekara ce ya kamata ta nuna inda cunkoso ya fi yawa, tun da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A aikace, akan duba wasu abubuwa: mazaɓar wa ce, garin wane babba ne, makarantar tana bakin titi inda mai wucewa zai ga sabon fenti ko tana can cikin lungu. Ɗan kwangila ma yana da nasa ra'ayi, domin aikin da ke kusa da kwalta ya fi riba a kan wanda sai an yi hayar tarakta ta ja kaya a cikin laka.

Ayyukan mazaɓu na 'yan Majalisar Tarayya, waɗanda aka daɗe ana ware wa naira biliyan 100 a shekara, suna ƙara karkatar da ma'aunin. Aji biyu ko uku da ofis shi ne aikin da ɗan majalisa ya fi so, saboda yana da saurin gamawa, ana kuma iya rubuta suna a jikin bango. Ba a tilasta masa ya tambayi SUBEB inda ake da buƙata. Tun daga 2019 hukumar ICPC ke bin sawun irin waɗannan ayyuka, ta kuma sha gano gine-ginen da aka yi watsi da su, da waɗanda aka biya kuɗinsu ba a yi ba, da kayan da aka sayo aka ɓoye.

Sai kuma son makarantar nuni. Gwamnatin Tarayya tana riƙe da kwalejojin haɗin kan ƙasa fiye da 100, waɗanda suka samo asali daga King's College ta Legas ta 1909 da kwalejoji ukun da aka buɗe a Sakkwato da Warri da Okposi a 1966. Yaran da ke cikinsu 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da miliyoyin da ke sakandaren jihohi, amma su ne kaɗai sakandaren da ke da layinsu a kasafin kuɗin ma'aikatar ilmi ta tarayya. Jihohi su ma suna da nasu. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Kano ta kafa a 1977 sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, ba mai musun amfaninsu. Abin tambaya shi ne nawa ake kashewa a kan kowane ɗalibi a irin waɗannan makarantu, nawa kuma a kan ɗan'uwansa na makarantar jeka-ka-dawo, tun da aljihu ɗaya ake ɗiba. Shiga irinsu sai da jarrabawa, kuma wanda ya fi cin jarrabawar shi ne yaron da ya fito daga firamare mai kujera da littafi, sau da yawa ma ta kuɗi.

Inda gwamnati ta gaza, iyaye ne ke cikewa, a nan ma mai shi ake ƙara wa. Makarantar da ke unguwar ma'aikata tana da ƙungiyar iyaye da malamai mai iya tara kuɗin haƙa rijiya cikin zango ɗaya. Tsohuwar kwaleji tana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ta ƙunshi manyan sakatarori da shugabannin bankuna, waɗanda ke gina ɗakin kwamfuta a duk bikin cika shekara. Makarantar ƙauye da aka buɗe a zamanin UPE ba ta da kowa a sama. Kwamitocin kula da makarantu na al'umma da aka ɓullo da su a tsakiyar shekarun 2000 an yi su ne domin toshe wannan kafa, kuma inda aka ba su kuɗi kai tsaye, an ga sun yi gyara da araha fiye da ɗan kwangilar birni. Inda aka bar su da suna kawai, ba abin da ya sauya.

Gini ba gyara

Kasafin kuɗin gwamnati ya kasu biyu: na manyan ayyuka da na yau da kullum. Sabon gini yana shiga na farko, yana da kwangila, yana da bikin buɗewa. Sauya kwano uku da iska ta ɗaga, ko gyara famfon rijiya, ko ɗaure ƙafar benci, suna cikin na biyu, wanda albashi ya riga ya cinye kusan dukkansa, musamman bayan da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Shugaban makarantar firamare a jihohi da yawa ba ya riƙe ko sisin kwabo na gudanarwa, wani lokaci har alli daga aljihunsa yake saye. Saboda haka ɓarnar da za a gyara da naira dubu kaɗan a watan Mayu sai ta jira har silin ya ruɓe, bango ya tsage, a ƙarshe a sake ba da kwangilar sabon gini. Duk mai shago ya san wannan asara ce, amma tsarin gwamnati yana saka wa mai yin ta.

Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta gina sun nuna haka ƙarara. An buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, aka gina fiye da 150, aka miƙa wa jihohi ba tare da tabbataccen kuɗin ciyarwa da gudanarwa ba. Da yawa daga cikinsu sun koma kufai ko an mayar da su wani abu dabam.

Hauhawar farashi ta ƙara dagula lamarin. Buhun siminti da ake saye wajejen naira 2,500 a 2019 ya haura naira 10,000 a farkon 2024, bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023. Kuɗin da jiha ta bari a asusun UBEC tun 2020 yana nan a adadinsa na naira, amma azuzuwan da zai iya ginawa sun ragu ƙwarai. Jinkirin gwamna na shekara uku ya zama haraji a kan yaran jiharsa.

Ruwa, makewayi da katanga

Binciken da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya ta gudanar a 2021 tare da Hukumar Ƙididdiga da asusun UNICEF ya gano cewa kashi 11 cikin 100 ne kacal na makarantun ƙasar ke da ruwan sha da makewayi da wurin wanke hannu a haɗe. Wannan rashi bai faɗa wa kowa daidai ba. Yaro namiji yana iya zagayawa bayan katanga. Yarinyar da ta fara girma ba za ta iya ba, uwarta ma ba za ta yarda ba, kuma a nan ne ake fara rasa 'yan mata tsakanin ƙarshen firamare da ƙaramar sakandare. Nisa ma haka: inda babu sakandare sai an yi tafiyar kilomita da dama, ɗiya mace ake fara cirewa.

Wannan ne ya sa shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 domin jihohin Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato, aka kuma ƙara masa dala miliyan 700 a 2023 domin shigar da wasu jihohi, ya ba da ƙarfi ga gina sakandare kusa da gari, da makewayi, da tura kuɗin gyara ga kwamitocin makarantu. Sai dai a tuna cewa rance ne, ƙasar za ta biya, kuma yana da ranar ƙarewa.

Katanga ita ma ta shiga jerin kayan karatu. UNICEF ta ce daga 2009 zuwa 2017 an lalata makarantu kusan 1,400 a Arewa maso Gabas. Sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024 ya sa jihohi rufe makarantun karkara suna kwashe yara zuwa birane. Makarantar birnin da aka gina domin yara 500 ta wayi gari da ninkin haka, ta ƙauyen kuma aka bar wa jemagu.

Abin da ya shafi 'yan kasuwa

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma a 2025 ma'aikatar ilmi ta tarayya ta bayyana aniyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan wannan tafarki. A watan Mayun wannan shekara ta 2025 ne aka ga ɗalibai a jihohi da dama suna rubuta takardar Ingilishi ta WAEC da dare, da hasken tocila da na wayar hannu, saboda takardun sun iso a makare kuma azuzuwan ba su da wuta. Yaron da bai taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, da wanda ya yi gwajin kimiyya a kan allo kawai, suna gasa ne da wanda ya saba da kayan tun yana aji ɗaya. Babbar sakandare, inda aka fi buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, ta daɗe a tsakanin asusu biyu, domin tallafin UBEC ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, na TETFund kuma ya fara daga manyan makarantu.

Sakamakon yana isowa kasuwa. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Ikeja da ke neman wanda zai karanta ma'aunin inji, da dillalin hatsi a Dawanau ko Mile 12 da ke neman yaron da zai riƙe masa littafin lissafi ya kuma sarrafa na'urar POS, daga waɗannan makarantu suke ɗiba. Abin da makaranta ba ta koyar ba, mai gida ne zai koyar da kuɗinsa da lokacinsa. Magidancin da ya fid da rai daga makarantar gwamnati kuma yana biya sau biyu, haraji ga hukuma da kuɗin zango ga makaranta mai zaman kanta, wadda sau da yawa gidan haya ne aka yanka ɗakuna.

Akwai kuma ciniki a cikin lamarin. Benci da tebur, ƙofa da taga, bulo da allo, duk kayan da kafinta da mai walda na cikin gari ke iya yi ne. Idan aka dunƙule kwangilar kujerun jiha guda aka ba kamfani ɗaya a babban birni, kuɗin dako yana ƙaruwa, kuma ranar da kujera ta karye ba a san wanda za a kira ba. Idan aka rarraba ta ga masu sana'a na ƙananan hukumomi bisa ma'auni ɗaya, kuɗin yana zagayawa a garin, mai gyara kuma yana kusa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a suna da damar neman a buga jerin makarantun da SUBEB ta zaɓa kowace shekara tare da adadin yaran kowace makaranta, domin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe wannan ƙofa, kuma da waɗannan adadi biyu kaɗai ana iya gane ko buƙata aka bi ko alfarma.

Wani sabon al'amari shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Tsarin mulkin 1999 ya sanya su cikin masu samarwa da kula da makarantun firamare, kuma kasonsu a rabon arzikin ƙasa kashi 20.60 ne cikin 100. Idan kuɗin ya isa hannunsu, shugaban ƙaramar hukuma ya fi gwamna kusa da kwanon da ya yaye. Amma daga wannan kaso ne ake cire albashin malaman firamare, kuma ƙaramar hukumar da ke tsakiyar birni mai malamai dubbai za ta iya ƙarewa ba ta da ragowar da za ta sayi benci, yayin da wata mai makarantu kaɗan ke da rara. Ƙungiyar malamai ta NUT, wadda ba ta manta da watannin da aka yi ba albashi bayan sauyin 1991 ba, ta nemi kada a mayar da biyan albashin hannun ƙananan hukumomi.